Haƙƙin 'Yan Mazan Jiya Ba Ya Faɗowa Daga Sama

Akwai wata al'ada da ta kafu a Ingila da Amurka da wasu ƙasashen Turawa, wadda duk lokacin da hotunanta suka iso wayoyinmu sai ka ji mutanenmu suna ta sambarka, suna cewa a dubi yadda Turawa suke girmama sojojinsu. Al'adar ita ce mutum ya hau jirgin sama, a kai shi can ƙololuwa, ya faɗo da laima, wai don ya tara kuɗin taimako ga tsofaffin sojojin da yaƙi ya naƙasa. Kafin ranar zai bi 'yan uwa da abokan aiki da maƙwabta, ya buɗe shafi a intanet, ya ce ga kasadar da zan yi, kowa ya kawo gudummawa. Ranar tsalle a ɗauki bidiyo, a ga kumatunsa suna kaɗawa a iska, a ga ya dira yana ihu, jama'a su tafa. Ni kam ban ga abin tafi ba. Abin da na gani shi ne dabara mafi armashi da aka ƙirƙiro ta mayar da bashi sadaka, kuma ina so mu tsaya mu dube ta da kyau kafin son kwaikwayo ya kwaso mana ita.

Bari mu fara da yadda ake yin abin. Mafi yawan masu wannan tsalle ba su taɓa yi ba a rayuwarsu. Akan ɗaure mutum a ƙirjin wani ƙwararre, su faɗo tare daga nisan ƙafa 10,000 zuwa 15,000. Kafin laima ta buɗe sukan yi ƙasa da gudun da ya kai kilomita 200 a awa, na tsawon rabin minti zuwa minti guda, sannan su sauko a hankali. Wannan shi ne na gama-gari. Da yake ido yana saurin sabawa, abin da ya burge mutane bara ba ya burge su bana, sai aka shiga gasar ƙure kasada. Wasu sukan faɗo daga nisan ƙafa 30,000, inda iskar shaƙa ba ta isar mutum sai da tulun oksijin, sanyi kuma ya wuce na kowace ƙanƙara da ka sani. Wannan salo asalinsa na sojojin ƙundumbala ne, waɗanda ake jefawa bayan abokan gaba cikin dare. Tun 2008 kuma ake zuwa Nepal a yi tsalle a gaban dutsen Everest mai tsawon mita 8,849. Wani zai ce sau kaza zai faɗo a yini ɗaya, wani tsoho mai shekara casa'in zai ce shi ma a ɗaure shi. Kowa yana neman abin da zai sa a waiwayo shi.

Tambaya ta farko ta ɗan kasuwa ce: kwalliya tana biyan kuɗin sabulu? Jirgi dai ba da ruwan rijiya yake tashi ba. Akwai kuɗin mai, da na matuƙi, da na ƙwararren da ya goya ka, da na mai naɗe laima, da na inshora, da na mai kyamara. A Ingila tsalle ɗaya irin na gama-gari yakan ci fam ɗari biyu zuwa ɗari uku. Tsarin da ya yaɗu shi ne a ce da kai in ka tara adadi kaza, tsallenka kyauta ne. To kyautar daga aljihun wa? Daga cikin gudummawar da aka tara ake cire ta. Ke nan tsohuwar da ta ciro fam goma daga ɗan fanshonta saboda tausayin soja mai ƙafar roba, wani kaso mai tsoka na kuɗinta man jirgi ya saya, don ɗan maƙwabcinta ya cika wani tsohon burinsa. Gaskiya ne akwai masu biyan kuɗin tsallensu da kansu, kuma sun fi mutunci. Amma wanda ya kashe dubban fam ya tafi Nepal da tawaga da kyamarori, me ya hana shi miƙa waɗannan dubban kai tsaye ga mai buƙata, ya zauna a gidansa?

Ba ni kaɗai na yi wannan tambaya ba. A shekarar 1999 wasu likitoci a yankin Tayside na Sikotilan sun wallafa wani bincike a mujallar likitanci mai suna Injury. Sun bi diddigin waɗanda suka ji rauni a filayen tsalle guda biyu na yankinsu cikin shekara biyar. Mutum 174 suka samu, kuma kashi 94 cikin ɗari nasu 'yan tsallen taimako ne masu yin na farko, kowa da irin gidauniyar da yake tara wa. Cikin masu tsallen taimako, kashi 11 cikin ɗari sun ji rauni. Abin da kowane mutum ya tara wa gidauniya bai wuce fam 30 ba. Da suka haɗa kuɗin ɗori da tiyata da kwanciya asibiti, sai suka ga duk fam ɗaya da aka tara ya jawo wa hukumar lafiya ta ƙasa kashe fam 13.75. Wato don a taimaki gurgu ɗaya an ƙara guragu, kuma talakan da ke biyan haraji shi ya ɗauki nauyin jinyarsu.

Adalci ya wajaba a nan. Binciken ya tsufa, kayan tsalle sun inganta, kuma goyon ƙwararre ya rage karaya ƙwarai. Ƙungiyar masu tsalle da laima ta Amurka ta ce a 2023 mutum 10 ne suka mutu cikin tsalle sama da miliyan uku da rabi. Saboda haka ba zan tsaya ina tsoratar da kowa da mutuwa ba. Mu ƙaddara ma lissafin ya fita fes, babu wanda ya gurɗe ko da ɗan yatsa, kuma kowane sisi ya isa inda aka nufa. Ƙorafina yana nan daram, domin tushensa ya wuce maganar riba da faɗuwa.

Yaron da nakiya ta cire wa ƙafafu a lardin Helmand na Afganistan bai je can yawon buɗe ido ba. Gwamnati ce ta ɗauke shi, ta ba shi kaki da bindiga, ta ce ya tafi, kuma da ya ƙi da an hukunta shi. Ingila ta rasa soja 457 a Afganistan da 179 a Iraƙi. Amurka ta rasa sama da 2,400 a Afganistan da kusan 4,500 a Iraƙi, kuma sojojinta sama da 1,500 ne suka dawo babu hannu ko babu ƙafa. Wanda ya aike ka, shi ke da alhakin abin da ya same ka a hanya. Jinyar wannan yaro da ƙafar robarsa da cinsa da shansa har ranar da zai koma ga Mahaliccinsa bashi ne a wuyan ƙasar da ta tura shi. Kowa kuwa ya san bambancin bashi da sadaka. Mai karɓar sadaka yakan sunkuyar da kai ya yi godiya, in an hana shi ba shi da ta cewa. Mai bin bashi yana zuwa da ƙafarsa ko da sandarsa, ya tsaya a ƙofa, in an hana shi ya kai ƙara. Mu da muka tashi cikin karatun fiƙihu mun san ko mamaci sai an biya bashinsa kafin a zartar da wasiyyarsa, kafin magada su taɓa ko allura. Tun zamanin Sayyidina Umar aka buɗe diwani, aka rubuta sunayen mayaƙa, aka yanka musu rabo daga baitulmali. Ba a ce su jira wani attajiri ya hau raƙumi ya yi wasa a kasuwa sannan su ci abinci ba.

Ƙasashen nan kuma ba matalauta ba ne. Amurka tana kashe sama da dala biliyan 800 a shekara kan harkar tsaro, Ingila sama da fam biliyan 50. Duk da haka, ƙungiyar Help for Heroes da aka kafa a Ingila a 2007, aikin da ta fara tara wa kuɗi shi ne gina wurin iyo a Headley Court, cibiyar da a wancan lokacin ake farfaɗo da sojojin da suka ji rauni. A tsaya a yi tunani. Ƙasar da ke da jiragen ruwa masu ɗauke da makaman nukiliya, sai da jama'a suka yi karo-karo sannan guragunta suka sami tafkin motsa jiki. A wannan shekarar ce jaridar Washington Post ta tona halin da sojoji masu jinya suke ciki a wani gini na asibitin Walter Reed, cikin funfuna da ɓeraye da kyankyasai, har sakataren rundunar sojan ƙasa ya rasa kujerarsa. A 2014 aka gano asibitin tsofaffin sojoji na birnin Phoenix yana ɓoye ainihin jerin masu jiran ganin likita, wasu har suka mutu suna jira, ministan tsofaffin sojoji Eric Shinseki ya yi murabus. Waɗannan abubuwa ne da ya kamata su tayar da hankalin al'umma. Tsallen laima kuwa kwantar da hankali yake yi. Mutum ya ba da fam ashirin, ya kalli bidiyo, ya ji ya sauke nauyi, minista kuma ya zo ya tafa tare da kowa, ya yaba wa karamcin jama'a, alhali aljihunsa ne aka hutar.

Sannan sadaka tana da damina tana da rani. Lokacin da akwatunan gawa suke dawowa daga Afganistan ana nuna su a talabijin, kuɗi sun yi ta kwarara. Da yaƙin ya bar kanun labarai sai hannu ya fara janyewa. A 2020, da annobar korona ta hana tsere da tsalle da taruka, Help for Heroes ta rage ma'aikata ta kuma janye daga wasu cibiyoyinta. A Amurka, ƙungiyar Wounded Warrior Project ta shiga rikici a 2016 bayan tashar CBS da jaridar New York Times sun zarge ta da almubazzaranci a taruka da tafiye-tafiye. Ƙungiyar ta musanta wasu zarge-zargen, amma ta sallami manyan shugabanninta biyu a watan Maris na shekarar, gudummawa kuma ta faɗi. To shi mai dungulmin fa? Wanda aka yanke wa ƙafa yana ɗan shekara ashirin da biyu zai iya yin wasu shekaru hamsin a duniya. Ƙafar roba tana lalacewa, dungulmi yana sauya siffa, sai an yi ta sabuntawa duk bayan 'yan shekaru. Rauninsa ba ya zuwa hutu don an yi annoba, ba ya jiran a gama binciken shugabannin ƙungiya. Abin da zai ɗauki shekara hamsin ba a jingina shi da sha'awar 'yan kallo.

Sai kuma mu tambaya, a wannan biki wane ne ango? Ku duba hotunan da kanku. Fuskar da ke cika allo ta mai tsalle ce: ma'aikacin banki da ya cika shekara arba'in, ko matar wani attajiri, ko ɗan siyasa mai neman ƙuri'a. Shi ake kira jarumi, shi ake yi wa tambayoyi, shi zai rataye hoton a falonsa. Sojan da aka fake da sunansa, in ma an gayyace shi, yana can gefe a kan kekensa, an ba shi tuta ya riƙe. Hausawa sun daɗe da yi wa irin wannan suna: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mutumin da ya yi minti ɗaya cikin tsoron da ya saya da kuɗi, da ƙwararre a bayansa da laima ta biyu a ajiye, yana karɓar tafin da ya kamaci wanda ya yi wata shida yana taka ƙasar da bai san inda aka binne nakiya ba. Ban ce duk mai tsalle mai riya ne ba, zuciya Allah kaɗai Ya san ta. Amma tsarin da ba ya tafiya sai da kyamara, tsari ne da aka gina a kan a gani a yaba.

Kyamara kuma tana da zaɓe. Tana son saurayi kyakkyawa mai ƙafar ƙarfe mai sheƙi, yana murmushi. Ba ta son wanda wuta ta cinye wa fuska, ko wanda ƙarar bam ta taɓa wa ƙwaƙwalwa har ba ya tuna sunan 'yarsa, ko wanda ba ya iya riƙe fitsari, ko wanda ke firgita cikin dare yana ihu har matarsa ta kwashe yara ta koma gidansu. Ma'aikatar tsofaffin sojoji ta Amurka da kanta take bayar da rahoton cewa sama da tsofaffin sojoji 6,000 suke kashe kansu duk shekara. Waɗannan raunukan ba sa kyau a hoto, saboda haka ba su da kasuwa. Matar da ta bar aikinta take juya mijinta a gado sau huɗu kafin asuba, babu mai faɗowa daga sama dominta. Balle a yi maganar yaron Fallujah ko manomin Kandahar da wannan yaƙin dai ya cire wa ƙafa, wanda ba shi da fansho ba shi da ƙungiya. Dokar ƙasa, in an rubuta ta da kyau, ba ta tambayar ko rauninka yana burge mutane. Gidauniyar wasa kuwa dole ta tambaya, don da shi take ci.

Akwai wani abin da ya fi wannan ɗaci. Sau da yawa ƙwararrun da ke goya masu tsallen taimako sojoji ne na ƙungiyoyin nuna bajinta, irin su Red Devils na rundunar laima ta Ingila da Golden Knights na sojan Amurka. Cikin ayyukan irin waɗannan ƙungiyoyi har da tallata aikin soja da jawo sababbin kurata, kuma rundunonin ba sa ɓoye haka. Ke nan a fili ɗaya, a rana ɗaya, ana tara wa wanda yaƙin jiya ya karya kuɗin sanda, ana kuma nuna wa ɗan shekara goma sha bakwai cewa aikin soja shawagi ne cikin gajimare da hayaƙi mai launi. Yaron ba zai ga ɗakin tiyata ba, laima zai gani. Wasan da ke share hawayen yaƙin da ya wuce, shi ne kuma yake share fagen na gaba.

Na san abin da za a ce. Za a ce da babu gara ba daɗi, gwamnati ba ta yi ba, mu zauna mu zuba ido? Wannan magana tana da nauyi, kuma ban raina ƙungiyoyin da suka sayi kekuna suka gyara gidaje suka biya likitocin ƙwaƙwalwa ba. Amma a duba abin da ya faru a 2022. Shekaru da yawa sojojin Amurka da suka shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a sansanonin Iraƙi da Afganistan, inda ake ƙona roba da batura da sharar asibiti da man jirgi, suna fama da ciwon daji da na huhu, ana ce musu su kawo hujjar cewa hayaƙin ne. A ƙarshen watan Yuli dokar da za ta share musu hawaye ta maƙale a majalisar dattawa. Sai tsofaffin sojoji da iyalansu suka tare a ƙofar majalisar, suka kwana a nan dare da rana. Ranar 2 ga Agusta dokar ta wuce, ranar 10 ga wata Shugaba Joe Biden ya sa hannu. An ƙiyasta za ta ci kusan dala biliyan 280 cikin shekara goma. A tara duk tsallen laimar da aka taɓa yi tun da aka ƙera jirgi, a gani ko ya kama ƙafar wannan. Mutanen da suka zauna a ƙasa sun samo abin da masu faɗowa daga sama ba su samo ba, domin su bashi suka je bi.

Za a kuma ce ai wasu naƙasassun sojojin da kansu suke tsallen, kuma yana dawo musu da ƙarfin zuciya. Wannan gaskiya ne, kuma ba ni da ja a kai. Mutumin da aka ce masa rayuwarsa ta ƙare a kan keke, in ya ga dama ya faɗo daga gajimare don ya nuna wa kansa da sauransa, wa zai hana shi? Jikinsa ne, zaɓinsa ne. Wasannin Invictus da Yarima Harry ya assasa a 2014 a kan wannan tunanin aka gina su. Inda nake ja shi ne a ce sai ya yi haka sannan ɗan uwansa zai sami keke. Mutum ya ba da ƙafafunsa sau ɗaya, a ce kuma ya zo ya yi wasa da ragowar jikinsa a gaban jama'a don a tausaya a jefa kuɗi a faranti? Mai ƙarfin yin tsalle ya yi don nishaɗinsa. Wanda ba ya iya ko tashi zaune, haƙƙinsa daidai yake da nasa.

Wani kuma zai ce ina ruwanmu, Turawa ne da kuɗinsu da jiragensu. Ruwanmu ya yi tsaki a ciki, domin kakanninmu sun ɗanɗana wannan darasi kafin kowa. Ranar 1 ga Disamba 1944, a sansanin Tiyaroy kusa da Dakar, sojojin Afirka ta Yamma da suka dawo daga yaƙin Faransa da zaman fursuna a hannun Jamus suka nemi a biya su kuɗinsu da aka riƙe, aka buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama suna cewa adadin ya ninka haka sau da yawa. Ranar 28 ga Fabrairu 1948, a Akra, 'yan mazan jiya na rundunar da Hausa ce harshen barikinta, waɗanda suka yi yaƙin Bama, suka nufi fadar gwamna da takardar koke kan alkawuran da aka saɓa musu. Aka harbe uku: Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya tana cikin abin da ya kai Gana ga 'yanci a 1957. A 1959 Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojinta na ƙasashen da ta mallaka, har da na Nijar da Cadi, ya zama Bafaranshe da Ba'afirke sun zubar da jini a rami ɗaya amma ɗaya yana karɓar ninkin-ba-ninkin na ɗaya. Wani tsohon soja ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun Faransa ta ba shi gaskiya a 2001, bai rayu ya ji hukuncin ba. Sai a 2010 kotun tsarin mulki ta rushe bambancin, aka daidaita daga 2011, lokacin da yawancinsu suna kushewa. An ci moriyar ganga an yar da kwaurenta. Amma ku lura, waɗannan dattawa ba su taɓa roƙon sadaka ba. Abin da suka nema shi ne a biya su, kuma ɗan abin da aka samu, da koke da kotu da matsin lamba aka same shi.

Yau ma muna da namu. Bayan Inates a Disamba 2019 an ce soja 71 suka kwanta dama, bayan Cinagodar a Janairu 2020 an ce 89, a Bohoma ta Cadi a Maris 2020 kusan ɗari. Muna jin adadin gawa, a yi zaman makoki na kwana uku, a sauke tuta. Waɗanda suka dawo da rabin jiki daga Diffa da Tillaberi da Borno da Arewa Mai Nisa ta Kamaru fa, wa yake ƙidaya su a bainar jama'a? A Abuja an sha ganin tsofaffin sojoji sun shimfiɗa tabarmi a ƙofar ma'aikatu suna neman haƙƙoƙinsu. Mu ba mu da filayen tsalle, amma muna da namu salon faɗowa daga sama, wato bikin ƙaddamar da gidauniya. A kama babban zaure, a kira maroƙa da 'yan jarida, mai girma wane ya tashi ya yi shelar miliyan kaza, a yi guɗa, a watse. Bayan wata shida ka je ka tambayi nawa ne ya shiga asusu, kuma nawa ne ya isa hannun mai sanda. Cutar ɗaya ce da ta Turawa, laimar ce kawai babu. Abin da nake tsoro shi ne ranar da wani mai wayo zai haɗa mana biyun, ya ɗauko jirgi da kyamara, mu kuma mu taru muna sambarka.

Saboda haka ga abin da nake kira gare shi. Ɗan uwa mazaunin Landan ko Hustan, in abokin aikinka ya zo da takardar tsalle, ka tambaye shi cikin ladabi wa zai biya kuɗin jirgin, kuma nawa ne zai isa ga sojan. In kana da niyyar taimako, ka ba ƙungiyar kuɗinka kai tsaye ba tare da wani ya faɗo ba. In tsallen kake sha'awa, ka biya da guminka ka yi, ka bar sunan naƙasassu ya huta. Mu kuma na gida, abin da za mu nema a wurin hukumominmu a bayyane yake: rajistar duk sojan da ya naƙasa a bakin aiki, da doka mai faɗin abin da zai karɓa duk wata, da layi na musamman a kasafin kuɗi wanda kowa zai iya karantawa, da wuraren ƙera ƙafa da hannu a kusa da inda mutanen suke, da likitocin ƙwaƙwalwa, da hanyar kai ƙara in an danne masa. Wannan aiki ba shi da armashi, babu mai ɗaukar bidiyonsa, kuma yana buƙatar naci na shekaru a ofisoshi da majalisu. Taimakon ɗaiɗaikun mutane yana da lada, kuma a ci gaba da yi, amma ya zo a matsayin ƙari bayan an biya bashi. Wanda ya tura yaro yaƙi shi zai biya, kuma aikinmu shi ne mu tsaya masa a ƙofa har sai ya biya.

Allah Ya ba masu jinya lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ba shugabanni ikon sauke nauyin da ke wuyansu.